Kalmar Sirrina Tana Wajen Yaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Yau na koma jami'a. Baba ne ya ce zaman ya isa haka, mako uku ba wasa ba ne, kuma darasin kwamfuta ba ya jiran kowa. Na bi ta ƙofar baya, ta wajen masu ɗinkin takalma, duk da ta fi nisa da minti ashirin. Ta nan zan riƙa bi daga yanzu.

Ɗakin kwamfuta yana nan yadda na bar shi: layi shida, fanka uku, ɗaya tana ƙugi kamar injin niƙa, ga warin roba mai zafi. Na nuna katina a bakin ƙofa, na je na zauna a kujerata. 'Yan ajinmu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna min sannu, kowa ya sassauta murya. Na amsa musu duka. Ban yi kuka ba, a rubuta min wannan.

Sai na ɗora hannu a kan madannai, allo ya nemi kalmar sirri, na tsaya ina kallonsa sororo. Ashe ban san kalmar sirrina ba. Ban taɓa saninta ba ma. Ranar rajista Yaya ce ta cike mana komai mu biyu, ita ta zaɓa min kalmar, ta ce ko ta faɗa min zan manta kafin mu kai bakin ƙofa. Kullum tana riga ni shiga, kafin in gama neman inda zan rataye jaka ta buɗe min shafina, ta ce, "Ranki ya daɗe, an buɗe, sai a zauna." Sannan ta koma kujerar da ke haguna ta buɗe nata. Wata biyu muna haka, ko sau ɗaya bai zo min a rai in tambaya ba.

Awa biyu na yi a gaban allon da bai buɗe ba, ina motsa linzamin kwamfutar don a ɗauka aiki nake.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:05 na rana

Akwai wurin da ake dannawa idan an manta. Na danna. Ya ce ya tura lambar buɗewa zuwa wayar da ke ƙarewa da huɗu da bakwai.

Lambar Yaya ce. Tata ta sa mana mu biyu, saboda a lokacin tawa wayar ta faɗa bokiti.

Wayar tana ɗakin Mama, a kan ɗan teburin gefen gado. Kullum da safe Mama tana goge ta da bakin mayafi ta jona ta a caji. Da babban yatsan Yaya take buɗewa, saƙo kuma ba ya nunawa a sama, Yaya ta ɓoye shi tun ranar da ta kama ni ina leƙe.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

Na je ofishin masu kula da na'urori, can ƙarshen baranda. Mutumin da ke wurin ɗalibai suna ce masa Sai Gobe, don kome ka kai masa amsar ke nan. Yau da na so ya ce min sai gobe, bai ce ba. Ya karɓi katina, ya buga, ya ɗan matso da gilashinsa.

"'Yata, lambar da ke kan shafinki ta wata ɗaliba ce. Dokar a nan, mai lamba ce ke sa hannu kafin a cire ta. Ki zo da ita, minti biyu an gama."

Na ce ba za ta iya zuwa ba.

"Tafiya ta yi?"

Na ce e.

"To in ta dawo sai ku zo tare."

Na ce to. Har godiya na yi masa.

Laraba, ƙarfe 6:00 na yamma

Har godiya.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Na yi wani abu yau.

Ƙarfe goma rukuninmu ke shiga ɗakin kwamfuta, kullum ban da Asabar da Lahadi. Na zauna, allo yana jira, sai na ga hannuna ya rubuta lambar ɗalibar Yaya. Kalmar sirrinta ban san ta da baki ba, amma wata biyu ina zaune ina kallon yatsunta suna bin hanya ɗaya, biyu a sama, uku a tsakiya, sai ta doke na ƙarshen da ƙaramin yatsa kamar mai kashe sauro. Na bi hanyar. Ya buɗe.

Ya rubuto mata barka da zuwa, da sunanta cikakke har da na Baba. Wani ɗan koren ɗigo ya kunnu a gefen sunan, wanda ke nuna mutum yana ciki.

Ban taɓa komai ba. Kallon ɗigon nan na yi har aka ce lokaci ya yi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na sake shiga. Yau na buɗe foldarta. Aiki na ɗaya da na biyu suna nan, ta jera su tsaf kamar yadda take jera takalmanta. Aiki na uku ta fara ba ta gama ba: a sa kwamfuta ta ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, ta ware lambobin da biyu ke rabawa.

Malama ta koya mana a riƙa barin ɗan bayani a tsakanin layuka, wanda kwamfuta ba ta karantawa, don mai aikin ya tuna abin da ya yi. Kowa irin su "nan aka fara ƙirga" yake rubutawa. Ita kuwa a layi na tara ta rubuta, "Nan Auta za ta ruɗe. In nuna mata da wake kafin aji." A layi na sha huɗu kuma, "Kada a ba ta amsa, ta saba."

Ji mutuniyar nan fa. A cikin aikin makaranta ma gulmata take yi.

Na fita na shiga banɗakin ƙarshen baranda, na buɗe famfo don kada a ji. Kuma gaskiya ta faɗa, a layi na taran na ruɗe.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:50 na safe

Mama ta shiga wanka, na lallaɓa na ɗauki wayar. Na zare layin da tsinken ɗan kunne na sa a tawa. Shi ma ya nemi lamba. Na sa ranar haihuwar Yaya, ya ƙi. Na sa tawa, ya ƙi. Ya ce saura gwaji ɗaya ya kulle. Na mayar da shi, na ajiye wayar daidai inda take, na goge sawun yatsana.

Da Mama ta fito ta kalli teburin, ta kalle ni, ta ce, "Auta, kome na gidan nan ki taɓa. Ban da wannan."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Na gama mata aiki na uku. Kwana biyu na yi ina gwadawa a takarda, da waken ma na gwada, a kan faranti. Ya ƙirga har ɗari bai tsaya ba. Na bar bayananta yadda suke, na danna tura.

Da sunanta ya tafi. Ban yi tunani ba. Ko kuma na yi, oho.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

An liƙa maki a bango. Yaya tara cikin goma. Ni, a ƙasanta, sifiri.

Wata 'yar ajinmu da muke kira Rediyo ita ta fara gani. Ta saki littafinta ya faɗi, ta ja da baya tana salati, nan da nan aka taru. Wani ya ce na'ura ce ta yi kuskure. Wata ta ce ita dama ta ga koren ɗigon ranar Juma'a, ta kasa barci. Sai duk suka juyo suna kallona.

Abin kunyar shi ne daɗi na ji. Tara cikin goma. Ba ta taɓa samun ƙasa da takwas ba, ban zubar mata ba.

Malama ta ce in same ta gobe a ofis.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Malama ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta rufe ƙofa, ta tura min kujera, ta ce, "Ke kika yi aikin?" Na ce ni ce. Ta ce, "Na sani. Ita ba ta barin fili biyu bayan waƙafi, ke ce mai wannan." Daga nan na faɗa mata duka, kalmar sirrin, lambar, da Sai Gobe.

Ta ce shiga shafin wani laifi ne da ake korar ɗalibi a kansa, ita za ta rufe ido a kan abin da ya wuce, amma makin ba za ta iya ɗauke shi daga wani suna ta mayar wani ba. Duk wanda bai tura aiki na uku daga shafinsa ba, sunansa ba zai shiga jerin masu jarrabawa ba, wanda kuma bai ci wannan darasin ba ba ya wucewa aji biyu. Ta ba ni zuwa Juma'a ta sama, sha biyun rana. Ranar take miƙa jerin.

Da kanta ta raka ni wajen Sai Gobe. Ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya cire gilashinsa ya ajiye, ya ce, "'Yata, me ya sa ba ki faɗa min ba?" Ya ce a wajensu har yanzu ɗaliba ce, don babu wanda ya kawo musu komai a rubuce. In na kawo takardar, wadda asibiti suka ba mu, zai rufe shafinta, lambar ta saku, ya sa tawa. Hanyar ke nan, babu wata.

Na ce in an rufe fa?

Ya ce zan iya kwashe abin da ke ciki a filash. Na ce ba wannan nake tambaya ba. Ya ce, "In an rufe, an rufe."

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na shiga. Na san an hana. Na shiga.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 3:25 na yamma

Ina taya Mama ninke kaya a ɗakinta, sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin san wayar nan tana haske?"

Na ce wace irin haske?

"Wajen ƙarfe goma da 'yan mintoci. Ta yi ɗan ƙara, ta yi haske, ta ɗauke. Tun waccan Alhamis ɗin. Kullum, ban da Asabar da Lahadi." Ta ninke zanen hannunta gida huɗu. "Kamar dai mai zuwa aji."

Sai a lokacin na tuna. Duk sanda aka shiga shafi, na'urar tana tura saƙo wayar mai shi ta ce an shiga. Ni ce nake kunna ta daga can, ban sani ba.

Na buɗe baki zan faɗa mata, ta riga ni. Ta ce, "Ba hankalina ne ya taɓu ba, Auta. Na san abin da na sani, da hannuna na gyara mata gashi. Ban ce ita ce ba. Amma ina gama shara da wuri in zo in zauna, in ta yi hasken nan sai in iya tashi in ɗora girki. Kada ki faɗa wa Babanku, zai ce a kai ni a duba ni."

Na ce ba zan faɗa ba. Muka ci gaba da ninki. Rabona da in ji ta yi magana mai tsawon haka tun ranar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Sau huɗu na shiga na fita yau. Da na dawo gida na tarar Mama ta wanke labule.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Saura kwana uku.

Rediyo ta tare ni a baranda ta ce in yi haƙuri da abin da ta yi ranar maki. Sannan ta ce, ita dai a ganinta, in na faɗi darasin nan Yaya ba za ta ji daɗi ba. Na ce mata ta bari sai an tambaye ta. Ta tafi jiki a sanyaye. Ba laifinta ba ne, ita dai bakinta ba ya zama.

Amma wa ya kai ni sanin haka? Yaya ta riga ni gama sakandare da shekara guda, ta samu gurbi, ta ƙi tafiya. Shekara ta yi tana taya Baba shafa fenti a shagonsa na kafinta, ta ce ba za ta bar ni in shiga ni kaɗai ba, zan ɓata tsakanin ƙofa da aji. Yanzu in na maimaita shekara, shekararta ta tafi a banza. In kuma na kai takardar, na kashe wa Mama ƙarfe gomanta.

Katina ya tsage a gefe ɗaya. Mai gadin ɗakin kwamfuta kullum sai ya ce in je a sake min, ni kuma in ce to. Ba a shiga ɗakin sai da kati. A waccan ranar, ni da Yaya mun riga mun iso bakin babbar ƙofa, na laluba jaka ban ga katin ba, na ce wayyo. Ta harare ni, ta ce, "Tsaya nan, na fi ki sauri." Gidanmu tsallaken titi ne kawai, minti biyar. Ta ɗauko shi kuwa. A hannunta aka same shi, a kan titin.

Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau. Ba zan sake ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Na shiga.

Laraba, ƙarfe 6:15 na yamma

Na bi ta shagon Baba. Yana goge ƙafar wata kujera da sanfefa, ya ce lafiya? Na ce ofishin makaranta suna son takardar. Bai tambaye ni wace takarda ba. Ya ajiye abin hannunsa, ya karkaɗe rigarsa, ya jawo aljihun tebur na ƙasa inda yake ajiye ƙusoshi. Tana can ƙarƙashi a cikin leda. Ya ce a nan ya ɓoye ta don kada Mama ta yi karo da ita.

"Sau biyu na ɗauko zan kai musu," in ji shi. "Ina kaiwa bakin babbar ƙofar nan sai in juyo."

Ya miƙo min, amma bai saki ba sai da na ɗan ja. Ya ce, "Karatunki dai, Auta. Ki riƙe shi."

Na so in faɗa masa maganar wayar. Amma na yi wa Mama alkawari. Takardar tana cikin jakata yanzu, ban buɗe ledar ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Ƙarfe goma da minti biyar na shiga. Na kwashe foldarta a filash. Na zauna har sai da na tabbata saƙon ya isa gida, ya yi ƙararsa, ya ɗauke. Sannan na fita da kaina, ban bari lokaci ya fitar da ni ba.

Sai Gobe ya miƙe tsaye da ya gan ni. Ya karɓi ledar da hannu biyu, ya karanta, ya ɗauki hotonta a inji, ya mayar min. Ya juya allonsa gefe don kada in gani, na ce ya juyo da shi. Akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko an tabbata. Ya kalle ni. Na ɗaga kai. Ya danna.

Babu ƙara, babu komai. Jerin 'yan ajinmu ya ɗan motsa, sunana ya hau layi ɗaya sama.

Ya sa lambata, wayata ta yi ƙara a jaka, ya ce in zaɓi kalma, ya juya baya. Na daɗe. Ya ce, "Ba sauri, 'yata." Na zaɓa. Na rubuta ta a tafin hannuna da biro, don na san halina.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na sake rubuta aiki na uku daga farko, kamar yadda Malama ta ce, ban buɗe filash ɗin ba. A layi na tara ban ruɗe ba. Na tura saura minti ashirin. Malama ta leƙo ta taga, na ɗaga mata kai, ta wuce da takardunta. Sunana ya shiga jerin.

Ina ta jira in ji wani abu. Yunwa kawai nake ji.

Juma'a, ƙarfe 5:35 na yamma

Na tarar ba a ɗora girki ba. Tsintsiya tana jingine a bakin ƙofa, Mama tana zaune a gefen gado, wayar a cinyarta.

"Auta, yau ba ta yi ba," in ji ta. "Tun tara da rabi nake zaune."

Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, tun daga wajen masu ɗinkin takalma nake jera shi. Ta ɗago ta kalle ni, sai kawai na sauke jakar na ajiye.

Ta juya wayar, ta duba gindinta, ta hura wurin caji. "Ko cajar ce? Dama ta kwana biyu tana wasa. Je ki bakin layi ki sayo min wata."

Na je na sayo. Ta jona da kanta, ta gyara mata zama a kan tebur, ta ce Litinin ma gani.